Iskar Gure da darasin Lambar Rimi

Mu a Gure, mun fi sanin iska da turo rairayi cikin kwaruruwan dabino, tana binne gonaki. Shi ya sa nake ba ɗalibaina tarihin waɗanda suka sa ta aiki.

A 1891, wani malamin makaranta a garin Askov na ƙasar Danmak, Poul la Cour, ya haɗa injin da iska ke juyawa yana ba da lantarki. Daga 1904 kuma ya shiga koya wa samarin ƙauye aikin wuta. A 1991, shekara ɗari cif bayan injinsa, Danmak ta kafa injuna 11 cikin teku a Vindeby, tashar farko irinta a duniya.

Mu ba mu da teku, amma maƙwabtanmu Katsinawa sun gwada a tudu. A Lambar Rimi aka tsara injuna 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, megawat 10. Da aka sace injiniya Francis Collomp a Disamban 2012, sai aikin ya yi shekaru yana jan ƙafa.

Iyaye da malamai, inji sayo shi ake yi. Mai ɗaura shi da gyara shi kuwa, sai mun raine shi a ajinmu.