Zaɓen Dandalin Sayar da Kaya ta Intanet: Bayani ga 'Yan Kasuwar Araba da Kewaye

Gabatarwa

Garin Araba yana cikin Ƙaramar Hukumar Illela, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kusa da Birnin Ƙonni. Jama'ar wannan yanki sun dogara ne ga noma, kiwo da fatauci, kuma babbar mahaɗarsu ita ce kasuwar Illela mai ci ranar Lahadi. Rufe iyaka da aka yi daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da wanda aka sake yi daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, ya nuna haɗarin dogaro ga masu saye na tsallaken iyaka kaɗai. Saboda haka ne wasu suke neman abokan ciniki a Sakkwato, Kano, Abuja da Legas ta hanyar wayar salula. Mun shirya wannan bayani domin kada ɗan kasuwa ya zuba jarinsa a dandalin da bai dace da hajarsa ba.

Ire-iren dandali

Dandalin ciniki ta intanet iri uku ne.

Na farko shi ne babbar kasuwar kamfani, kamar Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a Legas a shekarar 2012. A nan kamfani ne yake karɓar kuɗi daga mai saye, ya cire la'adarsa, sa'an nan ya biya mai kaya bayan kaya sun isa. Yawan la'adar ya danganta ga nau'in haja. Mai kaya ne yake kai su cibiyar da kamfani yake karɓar kaya, kuma mai saye yana da damar dawo da su idan bai gamsu ba.

Na biyu shi ne dandalin talla, kamar Jiji, wanda aka kafa a 2014, da kuma Facebook. Aikinsu shi ne haɗa mai sayarwa da mai saye. Ana sa hoton kaya da farashi, mai buƙata ya bugo waya. Ciniki da biyan kuɗi da aika kaya duk suna wuyan mutanen biyu.

Na uku shi ne shagon kai. Mafi sauƙinsa shi ne WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, inda ake jera hotunan kaya da farashinsu kyauta. Kamfanonin Paystack da Flutterwave suna ba da damar buɗe shago mai karɓar kuɗi kai tsaye, suna cire wani ɗan kaso a kowane ciniki. Shopify kuwa, na ƙasar Kanada, ana biyan sa kuɗin wata-wata da dala. Shagon kai ba ya kawo masu saye da kansa. Mai shi ne zai nemo su.

Abubuwan dubawa kafin zaɓe

1. Irin haja. Takalman fata, jakunkuna, huluna da sauran kayan da ba sa lalacewa sun dace da babbar kasuwar kamfani. Albasa, tumatir, hatsi a buhu da dabbobi sun fi dacewa da dandalin talla ko WhatsApp, domin farashinsu yana sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma mai saye yana son ganin hoton abin a ranar.

2. Hanyar aika kaya. Dandali ba ya rage nisan hanya. Kafin rajista, a tambayi inda cibiyar karɓar kaya mafi kusa take. Idan sai an bi ta Gwadabawa an kai Sakkwato saboda takalmi ƙafa biyu, kuɗin mota zai cinye riba.

3. Lissafi. A haɗa la'ada, kuɗin talla, kuɗin data, na ɗaurin kaya da na mota, a cire daga farashi. Abin da ya rage shi ne ribar gaskiya.

4. Inda mai saye yake. Jumia da Konga ba sa aiki a Nijar. Wanda abokan cinikinsa suke Ƙonni ko Tawa zai fi samun biyan buƙata da WhatsApp, tare da daddale canjin sefa da naira kafin kaya su tashi, da bin ƙa'idojin Hukumar Kwastan.

5. Ƙarfin sadarwa. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jiharmu saboda matsalar tsaro. Muna ba da shawarar a riƙa rubuta sunaye da lambobin abokan ciniki da basussuka a littafi.

6. Takardu. Ana buƙatar asusun banki mai lambar BVN da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Rajistar sunan kasuwanci da hukumar CAC tana ƙara aminci. Kilishi ko garin yaji da aka ƙunshe domin sayarwa suna buƙatar rajistar NAFDAC.

Gargaɗi

Kada a ɗora kaya a mota bisa ga hoton shaidar biya ko saƙon waya kawai, sai an tabbatar kuɗi sun shiga asusu. Kada a ba kowa lambar sirri ta katin banki ko lambar da banki ya aiko ta waya, ko da ya ce shi ma'aikacin dandali ne.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga jami'an ƙaramar hukuma, hakimai, masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su isar da wannan bayani ga waɗanda ba sa karatu. Ƙananan masu sana'a suna iya haɗuwa a ƙungiyar gama-kai su aika kaya a mota guda, da asusun da ba mutum ɗaya kaɗai ke sa hannu ba.

Shawararmu ga mai farawa ita ce ya soma da dandalin kyauta da kaya kaɗan, ya riƙe lissafi na wata uku, sa'an nan ya duba ko ribarsa za ta ɗauki nauyin dandali mai biyan kuɗi.