Grendizer: Yariman da Ya Rasa Gida, Larabawa Suka Karɓe Shi

A wani shagon turare a Deira, inda 'yan kasuwarmu na Kano ke zuwa sari, na ga wani ɗan mutum-mutumi mai ƙahoni ruwan zinare an jera shi tsakanin kwalaben oud. Mai shagon ɗan Lebanon ne, irin waɗanda muke kira Kwara a gida, furfura ta cika masa gemu. Na tambaye shi ko na jikansa ne. Ya dafa ƙirji ya ce nasa ne, kuma ba na sayarwa ba ne. Grendizer ke nan. Ku gyara zama ku ji asalinsa.

Mai zane Go Nagai na Japan ya riga ya yi suna da Mazinger Z a 1972, ƙaton mutum-mutumin da yaro ke shiga kansa ya tuƙa kamar mota. Great Mazinger ya biyo baya a 1974. A daidai lokacin, zancen faifai mai tashi daga wata duniya ya cika bakin jama'a, sai kamfanin Toei ya ga kasuwa. A watan Yulin 1975 suka fitar da ɗan gajeren fim na kusan minti 30, Uchu Enban Daisenso, wato babban yaƙin fayafayan sararin sama.

A fim ɗin nan ne aka fara ganin Duke Fleed, yariman da abokan gaba suka ci duniyarsu da yaƙi, ya gudo ya ɓuya a wata gonar kiwon dawakai a Japan yana aiki kamar kowa. Amma mutum-mutuminsa ba Grendizer ake ce masa ba tukuna. Gattaiger ake kiransa in ya haɗe da faifansa, kuma siffarsa daban ce. Dabarar dai tana nan tun farko: mutum-mutumi ya shige cikin faifai su zama jirgi ɗaya, in faɗa ya yi zafi ya fito ya tsaya da ƙafafunsa.

Cikin wata uku aka yi wa labarin garambawul. Aka sake ƙirar mutum-mutumin ta koma dangin Mazinger, aka ba shi ƙahoni da makami mai baki biyu kamar lauje, abokan gaba suka zama rundunar Vega. Aka kuma jawo Koji Kabuto, jarumin Mazinger Z, aka mai da shi mataimaki, abin da bai yi wa masoyansa da yawa daɗi ba. Ranar 5 ga Oktoba 1975 shirin Grendizer ya fara a tashar Fuji, ya yi kashi 74 zuwa Fabrairun 1977.

Abin da ba su taɓa ba shi ne yariman, kuma a ganina shi ne ran labarin. Mutum ne da ya gaji da yaƙi, ba ya son komawa, amma yaƙin ya biyo shi har masaukinsa. Da aka juya shirin zuwa Larabci a Lebanon, ƙasar na tsakiyar yaƙin basasar da ya ɓarke a 1975. Jihad al-Atrash ya ba Duke Fleed murya da tsantsar Larabci, Sami Clark ya rera waƙar buɗewa. Yaron da ke jin ƙarar harsashi a bayan taga ba sai an fassara masa ma'anar rasa gida ba. Mai shagon ya ce min sukan yi addu'a kar a ɗauke wuta sai an gama.

Faransa ma ta rungumi shirin a 1978 da sunan Goldorak, amma irin ƙaunar da Larabawa suka yi masa daban ce. A 2022 an kafa wa Grendizer mutum-mutumi mai tsayin fiye da mita 33 a Riyadh, a 2024 kuma aka fito da sabon shiri, Grendizer U, da hannun kamfanin Manga Productions na Saudiyya a ciki.

Kafin in fita, mai shagon ya ɗauko ɗan mutum-mutumin nasa daga kanta, ya goge masa ƙura da gefen rigarsa, ya nuna min ƙaho ɗaya da aka liƙe da gam. Ya ce a hanyarsu ta barin Beirut ya karye.