Gidan Baduku da Ya Zama Gidan Tarihi

Takarda ta farko da ta haɗa sunan Shakespeare da titin Henley a garin Stratford na Ingila ba ta abin alfahari ba ce. A shekarar 1552 aka ci John Shakespeare tarar sule ɗaya saboda tara juji a bakin titi. Baduku ne, yana jeme fata yana ɗinka safar hannu, yana kuma taɓa cinikin gashin tumaki ta bayan fage. Duk wanda ya taɓa ratsa majema ya san irin warin da yaran gidan suka tashi a cikinsa. Duk da haka mutumin ya yi gaba, har ya shugabanci majalisar garin a 1568. A gidansa ne aka yi ittifaƙin an haifi ɗansa William a 1564, wanda masu karatun Hausa suka san ɗaya daga cikin wasanninsa ta fassarar Ibrahim Yaro Yahaya, Daren Sha Biyu.

Da uban ya rasu a 1601 gida ya faɗa hannun William, amma shi a lokacin ya riga ya sayi katafaren gidansa, New Place, tun 1597. Sai ya bar wa ƙanwarsa Joan wani sashe, aka ba da sauran haya aka mai da shi masauƙin matafiya da mashaya. Zuriyar William ta ƙare a kan jikarsa Elizabeth a 1670, gidan ya koma ga zuriyar Joan, dangin Hart, suka riƙe shi har 1806. A ƙarshen zamaninsu wani ɓangare ya zama shagon mahauci. Ni a ganina wannan ƙasƙancin ne ya cece shi: gida mai kawo kuɗin haya ba a rushe shi. New Place mai daraja kuwa, wani limamin coci da ya mallake shi, Francis Gastrell, ya gaji da 'yan kallo da rigimar haraji, ya sare bishiyar da ake cewa William ne ya dasa, sannan a 1759 ya baje gidan baki ɗaya.

Wanda ya buɗe wa Stratford kasuwar baƙi shi ne David Garrick, shahararren ɗan wasan Landan, da bikin kwana uku na karrama marubucin da ya shirya a 1769. Ruwan sama ya ɓata bikin, kuma abin dariya, ba a yi wasan Shakespeare ko ɗaya ba. Amma suna ya riga ya tafi. Baƙi suka yi ta zuwa, kowa yana son komawa da tsaraba. John Adams da Thomas Jefferson, waɗanda daga baya kowannensu ya shugabanci Amurka, sun zo a 1786, suka ɓantari ɗan itace daga kujerar da aka ce ta marubucin ce, kamar yadda kowa ke yi. Wasu kuma su rubuta sunansu a bango, ko su karce shi a gilashin taga. Matar mahaucin, Mary Hornby, ita ce mai zagayawa da baƙi, tana nuna musu tarkacen da ta rantse na Shakespeare ne. Da aka tashe ta a 1820 ta kwashe kayanta ta koma tsallaken titi ta ci gaba da sana'arta, an ce ma sai da ta shafe sunayen bangon da farar ƙasa kafin ta fita.

A 1847 aka sa gidan a gwanjo. Nan ne magana ta yaɗu cewa P. T. Barnum, Ba'amurken nan mai tara abubuwan mamaki yana karɓar kuɗin kallo, zai saye shi ya ɓamɓare shi ya loda a jirgin ruwa zuwa ƙasarsu. Mutanen da suka shekara fiye da ɗari biyu suna kallon gidan yana lalacewa ba su ce uffan ba, sai ga shi sun zabura. Gwamnati ba ta saye shi ba. Kwamitoci biyu ne, na Stratford da na Landan, suka bi jama'a da ƙoƙon bara, a watan Satumba suka taya fam 3,000 aka sallama musu. Kuɗin da suka tara bai kai ba, sai da suka ci bashi. Charles Dickens na cikin waɗanda suka sa hannu, har da shirya wasanni don tara kuɗi. Daga wannan saye ne aka samu kwamitin amintattu da ake kira Shakespeare Birthplace Trust, wanda majalisar dokoki ta ba shi cikakken matsayi da doka a 1891.

Gyaran da aka yi tsakanin 1857 da 1864 shi ne abin da mai ziyara ya kamata ya riƙe a ransa. An cire bulon da aka lulluɓe gaban masauƙin da shi, aka maido da fasalin katako da yaɓe bisa wani tsohon zane, aka kuma rushe gidajen da ke manne da shi ta kowane gefe don gudun gobara. Saboda haka gidan da ke tsaye shi kaɗai a yau, da lambu a bayansa, ba haka William ya san shi ba. Shi a cikin jerin gidaje masu cunkoso ya girma.

Daga nan kwamitin ya shiga sayen duk inda ke da dangantaka da marubucin: filin New Place ya zo hannunsa a 1876, gidan su matarsa Anne Hathaway a ƙauyen Shottery a 1892, gidan da ake dangantawa da 'yarsa Susanna da mijinta likita John Hall a 1949. A 1964, cikar shekara 400 da haihuwarsa, aka buɗe cibiyar nazari da ɗakin karatu dab da gidan, inda ake ajiye tsofaffin takardun garin da kwafen tarin wasanninsa na farko na 1623.

Labarin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na ƙauyen Wilmcote. A 1930 kwamitin ya sayi wani gidan gona da kowa ya yarda nan mahaifiyar William, Mary Arden, ta girma. Shekara saba'in ana kai baƙi suna jinjina kai. A 2000 bincike a tsofaffin takardun filaye ya nuna gidan na maƙwabcinsu ne, Adam Palmer. Gidan su Mary na gaskiya shi ne wani ƙaramin gida da ke gefe, wanda ba mai ɗaga kai ya dube shi. Da sauran shan ruwansa, domin kwamitin ya riga ya saye shi a 1968, ba don ya san komai ba, sai don kada a ɓata kewayen wurin. Suka fito suka faɗa wa duniya, suka sauya allunan suna.

Wanda ya je titin Henley yanzu zai ratsa ɗakin aikin badukun, da fatu da safar hannu a shimfiɗe, ya hau bene ta matsattsiyar matakala zuwa ɗakin da al'ada, ba takarda ba, ta ce nan aka yi haihuwar. A lambu akwai 'yan wasa da ke yi wa baƙi ɗan yanki daga wasan da suka roƙa. Tsohuwar tagar nan da aka karce tana nan an killace ta, da sunan Walter Scott da na Thomas Carlyle a cikin ɗaruruwan sunayen da ba wanda ya san masu su. Ba a barin kowa ya taɓa ta.