Kuɗin Kwalbatin Unguwarmu, Daga Baitulmali Zuwa Asusun Haɗaka

'Yan'uwa marubuta, sau nawa muke sa mai unguwa a labaran zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya tafi gidan gwamnati neman rijiya? Kafin 1967 babu gwamnan jiha a Sakkwato. A lokacin En'e ce ke gina rijiya, shago da makarantar elemantare. Hakimai su tara haraji da jangali, gwamnati ta ɗauki kasonta, saura ya shiga Baitulmali. Talaka ya sha wuyar masu karɓar harajin, amma ya san ƙofar da zai kai kuka: daga mai unguwa zuwa hakimi, daga hakimi zuwa majalisar Sarki.

Gyaran 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, kuɗin kuma ya koma na man fetur da ake rabowa daga tarayya. Sai Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 162, ya ce kason ƙananan hukumomi ya bi ta asusun haɗaka na jiha. Nan gizo ke saƙa. Kwalbatin Mabera ko famfon Runjin Sambo suka koma jiran sa hannun gwamna, ciyaman ya zama ɗan rakiya, ƙungiyar unguwa kuwa sai ta nemo wani babba mai faɗa a ji ya shigar mata da takarda.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Sakkwato na da guda 23, muna jiran mu gani a magudanun ruwa kafin damina.