Me Ya Sa Kulorokwin Ya Daina Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro?

Idan kuna zaune a Ƙaraye ko Rogo, kun san yadda zazzaɓin cizon sauro ke yawaita da damina, musamman a ƙauyukan bakin dam ɗin Challawa da fadamu. Manyanku za su tuna lokacin da kulorokwin kaɗai ke warkar da shi. Tun 2005 Najeriya ta sauya shi da magungunan haɗi da ake kira ACT. Dalilin yana cikin jikin ƙwayar cutar kanta.

Yadda maganin ke aiki

Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini, tana cin sinadarin da ke sa jini ja, tana narkar da shi a cikin wata 'yar jaka. Ragowar abincin guba ce gare ta, don haka sai ta daskarar da ita. Kulorokwin taruwa yake a jakar ya hana daskarewar, gubar ta kashe ƙwayar.

A tantanin da ya kewaye jakar akwai wani furotin mai aiki kamar ƙofa, sunansa PfCRT. A 2000 masana suka gano cewa wani ɗan sauyi a ƙofar ne ke ba ta damar fitar da kulorokwin waje. Kun sha maganin, amma bai zauna inda zai yi aiki ba.

Yadda ake kallon ƙofar a kwamfuta

A 2019 masana a Jami'ar Columbia ta Amurka suka fitar da cikakkiyar surar wannan ƙofa. Sai dai hoto ba ya motsi, shi ya sa ake kwaikwayon motsinta a kwamfuta:

1. A shigar da surar furotin ɗin, kowace ƙwayar zarra a muhallinta.
2. A dasa shi a cikin tantanin kitse irin na jakar.
3. A kewaye shi da ruwa da gishiri, a daidaita ɗumi.
4. A sa maganin kusa, kwamfutar ta riƙa lissafin motsin kowace zarra, taki bayan taki, sau miliyoyi.

Da haka ake ganin inda maganin ke maƙalewa da hanyar da yake bi ya fice. Wannan hasashe ne, sai gwaji a ɗakin bincike ya tabbatar da shi. Amfaninsa shi ne sa ido, domin a Kambodiya sababbin sauye-sauye a wannan ƙofa sun raunana piperaquine, wanda ke cikin wani nau'in ACT.

Abin da ya kamata ku yi

- Kada ku sayi kulorokwin a kemis don zazzaɓin cizon sauro.
- A yi gwajin jini kafin shan magani. Ba kowane zazzaɓi ba ne na sauro.
- Ku shanye ACT na kwana 3 ko da jiki ya yi sauƙi. Barin magani a rabi yana barin ƙwayoyi masu taurin kai su yaɗu.
- Artemether-lumefantrine ya fi shiga jiki idan an sha shi da madara ko abinci mai maiƙo.
- Ku karɓar wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin damina, ku kwana cikin gidan sauro.
- Mai juna biyu ta ga ma'aikacin lafiya kafin ta sha kowane magani.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Idan maras lafiya yana jijjiga, ko ya fita hayyacinsa, ko yana aman duk abin da ya sha, ko yana numfashi da ƙyar, ko fitsarinsa ya yi baƙi, ko yaro ya kasa shan nono, ku kai shi asibiti nan take, kada ku jira gari ya waye.