Daga hayaƙin Los Angeles zuwa kwamfutar gida: tarihin duba lafiyar mota

Duk mai tuƙa Corolla, Camry ko Accord tokumbo, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari zai ga wani ɗan soket mai ramuka 16. Sunansa OBD-II, kuma ta nan kwamfuta ke magana da ƙwaƙwalwar mota. Asalinsa ba don makanike ko mai mota aka yi shi ba, hayaƙi ne ya kawo shi.

Tun a shekarun 1940 wani hazo mai sa ido ƙaiƙayi ya addabi birnin Los Angeles na Amurka. A farkon shekarun 1950, masanin kimiyya Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hayaƙin motoci na daga cikin manyan tushen matsalar. A 1967 jihar Kalifoniya ta kafa hukumar kula da iska, CARB, ta riƙa matsa wa kamfanonin motoci lamba. Kafireta ba ta iya auna mai da iska daidai yadda doka ke so, don haka kwamfuta ta karɓi aikin. Tunda kwamfuta ta shigo, dole a samu hanyar tambayarta abin da ke damun inji.

Da farko kowane kamfani da nasa salon. A motocin General Motors na shekarun 1980, makanike kan haɗa ramuka biyu da guntun waya, fitilar dashbod ta riƙa ƙyaftawa yana ƙirgawa. Tsofaffin Toyota ma haka, ana haɗa TE1 da E1. Soket ɗin wannan ba ya shiga na wancan, lambobin ma kowa da nasa. Daga 1996 aka wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka soket iri ɗaya da lambobin matsala iri ɗaya. Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur, masu dizal kuma a 2004. Shi ya sa P0300 ke nufin inji yana tsallake wuta, ko a Texas ko a Panteka ta Kaduna. P0420 kuwa ƙorafi ne kan matatar hayaƙin cikin salansa, wadda makanikanmu ke kira indomi, kuma takan bayyana idan an cire ta an sayar.

Sai dai dokar ta buɗe abin da ya shafi hayaƙi ne kawai. Birkin ABS, jakar iska, yi wa sabon makulli rajista da sauya saitin mota, wato kodin, duk sun zauna a hannun dillalan kamfani masu na'urori irin su VAG 1551 ta Volkswagen da Tech 2 ta General Motors. A shekarar 2000 wani mai suna Uwe Ross a Amurka ya fitar da VAG-COM, manhajar Windows da ke yin yawancin aikin na'urar Volkswagen, wadda yau ake kira VCDS. Sannan kamfanin Elm Electronics na Kanada ya yi guntuwar ELM327 mai fassara harshen mota ga kwamfuta. Masana'antun Sin suka kwafe ta suka cika kasuwa da ita a araha. Wadda ake rubuta wa v1.5 ma, Elm bai taɓa fitar da ita ba.

Daga nan aikin ya shigo gida. Mai Toyota ya nemi Techstream da wayar Mini VCI, mai Ford ya nemi FORScan, mai BMW kuma INPA da NCS Expert. Tarihin nan ne ke bayyana wahalar girka su. An rubuta da yawansu don kwamfutocin zamanin Windows XP, masu tsohon soket na siriyal. Dole wayar USB ta yi shigar wannan tsohon soket, a girka mata direba, a daidaita lambar COM da wadda manhajar ke nema. Wasu kan ware tsohuwar laftof don wannan aiki kaɗai, musamman da yake kwafin da ke yawo a intanet kan zo da ƙwayar cuta. Karanta lamba ba ta da haɗari, amma rubuta wa ƙwaƙwalwar mota sabon saiti wani abu ne daban. Idan batir ya yi sanyi ko laftof ta mutu ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwar na iya lalacewa. Ka adana saitin asali kafin ka taɓa komai.

Yanzu ƙofar tana sake rufuwa. Wajen 2018 kamfanin Fiat Chrysler ya sa shinge tsakanin soket da ƙwaƙwalwa, Volkswagen ma ta yi haka a Golf 8, sai na'urar da kamfani ya amince da ita ta intanet. Hujjarsu tsaro ce, bayan da masu bincike biyu suka sarrafa wata Jeep Cherokee daga nesa a 2015. Masu zaɓe a jihar Massachusetts kuwa sun goyi bayan dokar 'yancin gyara a 2012 da 2020.

Sababbin motocin Amurka na yau su ne tokumbonmu nan da shekara goma. Ranar da suka iso Ƙofar Ruwa da Apo, makaniken da bai saba da kwamfuta ba zai koma canjin fulogi bisa ƙiyasi, mai mota kuma shi zai biya kuɗin kowane gwaji. Matasanmu masu koyon gyara su fara yanzu, tun motocin da ke hannunmu suna amsa tambaya kyauta. Allah Ya sa albarka a sana'a.