Tarzomar Maitatsine a Kano, 1980: Musabbabi, Dabaru da Sakamako

A ranar 18 ga Disamba, 1980, 'yan sanda suka yi arangama da mabiyan Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, a filin Shahuci da ke birnin Kano. Wutar ba ta mutu ba sai bayan kwana goma sha ɗaya, da Shugaba Shehu Shagari ya tura sojoji. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya bayyana cewa mutum 4,177 ne suka rasa rayukansu. Shi ya sa masu nazarin ta'addanci a jami'o'in Nijeriya ba sa tsallake wannan lamari.

Ta fuskar musabbabi, akida ba ta isa bayani ita kaɗai ba. Marwa, ɗan asalin Kamaru, ya daɗe yana wa'azi a Kano, har aka kore shi a 1962, ya dawo. Bai yi ƙarfi ba sai a zamanin arzikin man fetur, lokacin da tsadar rayuwa ta matse talaka. Masani Paul Lubeck ya nuna cewa yawancin mabiyansa gardawa ne da 'yan ci-rani, waɗanda sabon tattalin arziki ya bar su a baya. Tsinuwar da yake yi wa agogo, rediyo da keke ta dace da haushin da ke zukatansu.

Dabarunsa kuwa na cikin gari ne. Ya mai da unguwar 'Yan Awaki sansani, ana ƙwace gidajen maƙwabta, aka cusa wa mabiya imani cewa layu za su kare su daga harsashi. Da kwari da baka da adduna suka fuskanci bindiga.

A siyasance, rikicin ya ƙara dagula tsakanin gwamnatin Abubakar Rimi ta PRP da gwamnatin tarayya ta NPN, kowa na zargin ɗan'uwansa da sakaci. An ɗora laifi mai yawa kan baƙi, amma mutuwar Marwa ba ta kashe cutar ba. Tarzoma ta sake ɓarkewa a Bulumkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982, Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. An sare reshe, an bar saiwa: talauci da rashin kula da matasan da suka cika birane.